Fargabar Ɗalibi: Abin da Za a Karɓa da Abin da Ba Za a Karɓa Ba

Daga cikin cututtukan da ke addabar 'yan makaranta a ƙasar nan akwai wadda ba a rubuta ta a rajistar ɗakin shan magani, ba a kuma ba mai ita takardar izinin tafiya gida, alhali kuwa duk malamin da ya daɗe yana riƙe da alli ya san ta, ya san lokacin da take tashi, ya kuma san irin yaran da ta fi kamawa. Ita ce fargabar da ke sauka a zuciyar ɗalibi idan jarrabawa ta gabato, ko idan aka ce ya miƙe ya yi magana a gaban aji, ko ma haka kawai ba tare da wani sababi na zahiri ba, har ta hana shi barci, ta fitar masa da sha'awar abinci, ta raba shi da abin da ya haddace jiya-jiyan nan. Abin da za ka ji a bakin yaran shi ne, "Malam, kaina ya ɗau zafi," ko "karatun ba ya zama," ko "ina ganin takardar sai kaina ya kulle." Al'amarin kuwa daɗaɗɗe ne, domin tun a shekarar 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mutumin Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya wallafa bayanin ɗalibai 'yan Nijeriya da suka riƙa zuwa da kukan zafi a ka, da jin kamar wani abu na yawo a ƙarƙashin fatar kai, da dishi-dishin ido, da kasa fahimtar abin da suke karantawa ko da sun maimaita shi ba adadi.

Idan haka abin yake a zamanin da mai takardar sakandare ba ya rasa aiki, to, ina ga yau, da ƙofa ta ƙuntata, masu neman shiga suka ninka? A shekarar 2025 yara kusan miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar JAMB, kuma fiye da miliyan ɗaya da rabi daga cikinsu ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Kowane ɗaya daga cikin wannan adadi yana da uwa da ta sayar da akuya ko ta karɓi adashi don a saya masa fom, yana da uba da ya riga ya gaya wa abokansa cewa ɗansa likita zai zama, yana kuma da ƙanne da ke kallon sa su ga ko karatun nan yana da fa'ida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane bakwai na yaran duniya masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta tunani, kuma fargaba tana cikin waɗanda suka fi yawa. Saboda haka da aka fara kawo mana labarin cewa a ƙasashen Turai da Amurka ana koya wa 'yan makaranta wasu hanyoyi na natsuwa da halartar zuciya don rage wannan damuwa, har wasu makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin agaji suka fara sha'awar abin, ya zama wajibi mu tsaya mu auna shi da ma'aunin adalci, kada mu rungume shi don ya zo daga waje, kada kuma mu yi watsi da shi don wannan dalilin.

Kafin nan, yana da kyau mu dubi maganin da muke bayarwa yanzu. Idan yaro ya zo yana rawar jiki, abin da babba ke ce masa, da kyakkyawar niyya, shi ne, "Cire tsoro, kai fa namiji ne, yi ta maza," idan kuwa yarinya ce a ce mata, "Daina sa abin a ranki." Sai yaron ya koma ya zauna yana ƙoƙarin cire abin da ba ya ciruwa, ya ga ya kasa, sai tsoro na biyu ya hau kan na farko, wato tsoron cewa shi rago ne ko kuwa imaninsa ne ke da rauni. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya jarraba wannan mas'ala a 1987, inda ya umarci ɗalibai su yi minti biyar ba tare da sun tuna da farin beyar ba, wato dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk lokacin da ta faɗo musu a rai kuma su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawar ba ta huta ba, kuma da aka sake su daga baya aka ce su tuna da ita yadda suke so, sai ta fi yi musu yawa a kan waɗanda tun farko ba a hana su ba. Illar abin a fili take, domin mai son ya tabbatar bai tuna da wani abu ba tilas ya riƙa leƙawa ya ga ko ya tuna, leƙawar kuwa ita ce tunawar. Hankalin ɗan Adam kuma ɗan fili ne ƙarami yake da shi na riƙe abin da yake aiki a kansa a lokaci guda, idan kokawa da tsoro ta cinye rabin filin, to, rabin da ya saura ba zai ishi lissafin da ke kan takarda ba. Wannan ne asirin yaron da ke amsa tambaya daidai a aji, ya shiga ɗakin jarrabawa ya kasa, ya fito bakin ƙofa amsar ta faɗo masa.

Hanyoyin da ake magana a kansu biyu ne, ko da yake sun haɗu a tushe. Ta farko ta samo asali ne daga Jon Kabat-Zinn, masanin kimiyyar halittu wanda ya daɗe yana koyon zaman tunani irin na mabiya addinin Buddha, wanda a 1979 ya buɗe wani sashe a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts don marasa lafiyar da ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsu. Tsarinsa na mako takwas ne, mutum kuma yana yin kimanin minti 45 kullum a gida, yana koyon ajiye hankalinsa a kan numfashinsa ko gaɓoɓin jikinsa, duk lokacin da hankalin ya gudu ya dawo da shi a hankali ba tare da zargin kai ba. Daga baya wasu malamai uku, Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale, suka haɗa wannan da dabarun likitocin tunani, suka kuma nuna a 2000 cewa a wurin mutanen da ciwon baƙin ciki mai tsanani ya taɓa kama su sau uku ko fiye, hanyar ta rage komawar ciwon da kusan rabi. Hanya ta biyu kuwa ta Steven Hayes ce na Jami'ar Nevada, mutumin da shi da bakinsa ya ba da labarin yadda firgita ta riƙa turnuƙe shi a wurin aiki, wanda tare da abokan aikinsa biyu suka fitar da littafin da ya kafa ta a 1999. Maƙasudinta shi ne mutum ya daina yaƙi da abin da ke zuwa masa a zuciya, ya gane cewa tunanin "zan faɗi" tunani ne kawai da ya ratsa, bai zama labarin gaibu ba, sa'an nan ya tambayi kansa abin da ke da ƙima a wurinsa ya nufe shi, ko tsoron ya tafi ko yana nan. Misalinsa kamar matafiyi ne da ya shiga tasha 'yan kamasho suka yi masa caa, wannan na jan hannun rigarsa, wancan na rantse masa cewa motarsa ce kaɗai za ta tashi yau. Idan ya tsaya gardama da su rana ta faɗi yana nan, idan ya bi su ya sauka garin da bai nufa ba, abin da ya dace shi ne ya bar su suna ihunsu ya ci gaba da takawa zuwa motar garinsu.

Duk wanda ya zauna a zauren malami ya yi karatun littattafai zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin mun fi ƙarfin a ce sai an zo daga Massachusetts za a sanar da mu cewa abin da ke ɗarsuwa a zuciya daban, abin da mutum ya ƙudurta daban. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, da kuma Ahalari da yaranmu ke karantawa tun suna ƙanana, an yi hukuncin mutumin da kokwanto ya aure shi a cikin salla, wanda kullum sai ya yi shakkar ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Malaman Malikiyya ba su ce masa ya tsaya ya yi ta maimaitawa har zuciyarsa ta gamsu ba, domin sun san ba za ta gamsu ba, kuma kowace maimaitawa abinci ce ga wasuwasin. Abin da suka umarce shi shi ne ya kau da kai daga shakkar, ya ci gaba da sallarsa, ya yi sujada biyu bayan sallama. Imamu Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, a cikin Ihya'u, a babin da ya yi sharhin abubuwan mamaki na zuciya, ya rarrabe matakan da ke tsakanin ɗarsuwa da aiki: akwai haɗiri da ke faɗowa, sai karkatar ɗabi'a zuwa gare shi, sai hukuncin zuciya, sai azama, ya kuma bayyana cewa ba a kama bawa da biyun farko, saboda ba da zaɓinsa suke zuwa ba, yana mai dogaro da ingantaccen hadisin da ya nuna an yafe wa al'umma zancen zuci matuƙar ba a furta shi ko an aikata ba. Tun kafin Gazali ma, Abu Zaid al-Balkhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan maslahar jiki da ta rai, ya ware babi ga tsoro da baƙin ciki da wasuwasi, ya kuma yi wasiyya cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin kwanciyar hankali don ranar da zuciya za ta rikice. Marigayi Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan, shi ya fito da wannan littafi ga masu karatun zamani.

Sai dai ba na cikin masu gaggawar cewa ai duk abu ɗaya ne. Muraƙaba a wurin malamai irin su Harisu al-Muhasibi da Gazali ita ce bawa ya san Ubangijinsa yana ganin sa, kuma gayarta yardar Allah; zaman lura da numfashi kuwa, yadda ake koyar da shi a asibiti, horon hankali ne da aka ciro daga addinin Buddha aka tuɓe masa aƙidarsa, gayarsa lafiya. Wanda ya cakuɗa su ya cuci duka biyun: ya mai da ibada maganin cin jarrabawa, har yaron da ya yi zikiri bai ci ba ya fara tuhumar zikirin, ya kuma ɓoye wa iyaye asalin abin da ake koya wa 'ya'yansu, ranar da suka gano kuwa ba za su sake amincewa da makarantar ba. A Amurka kanta an yi shari'a a kan irin wannan, inda a 1979 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa wani nau'in zaman tunani mai tushen addinin Hindu da ake koyarwa a makarantun gwamnati na New Jersey koyar da addini ne. Hanya mafi aminci ita ce a gaya wa iyaye gaskiya, a nuna musu abin da ake yi filla-filla, a tsaya a kan abin da yake na ɗibbu tsantsa, wato sassauta numfashi da dawo da hankali kan aikin da ke gaba, abin da ɗan Musulmi da ɗan Kirista da ke benci ɗaya za su iya yi ba tare da kowa ya taɓa aƙidarsa ba.

To, shin abin yana aiki a makaranta? A nan ne masu tallata shi ba su cika son a tsawaita ba. Jarrabawa mafi girma da aka yi wa hanyar farko a makarantu ita ce wadda ake kira MYRIAD a Birtaniya, wadda malaman Jami'ar Oxford suka jagoranta, cikinsu har da Mark Williams ɗin nan da ya ƙare rayuwarsa ta ilmi yana hidimar hanyar, gidauniyar Wellcome kuma ta ɗauki nauyi. An ɗauki makarantun sakandare fiye da 80 da yara fiye da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14, aka raba makarantun biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi aka horar da malamansu suka koyar da darussa goma na halartar zuciya, rabi suka ci gaba da darasin tarbiyya da suka saba. Da aka fitar da natija a watan Yuli na 2022, bayan an bi yaran har shekara guda, sai aka tarar babu wani fifiko: waɗanda aka koya wa ba su fi sauran lafiyar zuciya ba, har ma aka ga alamar cewa yaran da tun farko suke cikin haɗarin larura abin bai yi musu daɗi ba. Akasarin yaran ba su yi aikin a gida ba, da yawa kuma suka ce ya gundure su. Ya kamata a yaba wa masu binciken, domin sun faɗi abin da suka gani ko da yake ya saɓa wa abin da suka yi fata, wannan kuwa ita ce amanar ilmi. Abu guda da ya fito da kyau shi ne malaman da aka horar sun sami sauƙin gajiyar aiki da ƙosawa, yanayin makaranta kuma ya gyaru a idonsu, ko da yake galibin wannan ma ya dusashe bayan shekara.

A ajiye wannan, a ɗauko wani gwaji da aka yi a nahiyarmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wasu darussa biyar a kan tushen hanyar Hayes, aka naɗe su a murya cikin Larabcin Juba, aka kai su arewacin Uganda wurin mata 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu kusan 700, mutanen da ba likitoci ba suna jagorantar zaman. Rahoton da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa bayan wata uku damuwar waɗanda suka halarta ta ragu fiye da ta waɗanda ba su halarta ba. Me ya sa abin da ya amfani matar da yaƙi ya raba da gidanta ya kasa amfanar yaron Ingila da ke cikin aji mai ɗumi? A ganina amsar ba ta da nisa. Matan nan manya ne, an tantance cewa suna cikin damuwa, da ƙafarsu suka zo, da harshen da suke ji aka yi musu magana, kuma sun san abin da suke nema. Yaran kuwa an tara mai buƙata da marar buƙata a aji ɗaya, an sa abin a jadawali tsakanin lissafi da tarihi, malamin da ya koye shi cikin 'yan watanni yana karantar da shi, kuma an ce wa yaro mai shekara goma sha biyu ya rufe ido ya saurari zuciyarsa a tsakiyar abokansa talatin masu ƙyalƙyala dariya. Yaron da zuciyarsa ke cike da abin tsoro, idan aka ce ya leƙa ta sa'an nan aka kaɗa ƙararrawar fita ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani, an buɗe masa ciwo ne an tafi an bar shi. Idan haka ta faru a inda aji bai wuce yara talatin ba, to, a yi tunanin ajin da ke da yara ɗari a Kano ko Gusau.

Na taɓa taya sa ido a jarrabawar gwaji a wata makarantar kwana ta 'yan mata, na ga wata yarinya a layin baya ta riƙe biro hannunta na karkarwa, takardarta fara fat bayan an ci kusan sulusin lokaci, gumi ya jiƙa gefen hijabinta. Malamar ajinsu, dattijuwa mai sanyin murya, ta tako a hankali ta durƙusa a gefen bencin yadda sauran ba za su ji ba, ta ce, "Ɗiyata, ajiye biron tukuna. Cire takalmin, sa tafin ƙafarki a ƙasa. Kin ji sanyin simintin?" Yarinyar ta ɗaga kai ta ce, "Malama, gabana faɗuwa yake yi, wallahi na manta komai." Malamar ta ce, "Bar shi ya yi ta faɗuwa, ba da gaba ake rubutu ba. Saki numfashi a hankali, kamar mai hura kunu. Yauwa. To, duba nan, wace tambaya ce kika fi sani? Da ita za ki fara, ko layi biyu ne." Ta tsaya a wurin har yarinyar ta rubuta layin farko, hannun bai daina rawa ba, amma yana tafiya. Duk rukunan da littattafan nan ke lissafawa suna cikin wannan ɗan lokaci, da dawo da hankali ga jiki, da barin tsoro a inda yake, da komawa ga aiki. Amma abin da ya ba maganar ƙarfi shi ne bakin da ta fito, domin tun yarinyar na aji ɗaya malamar ke riƙe da su, ta san gidansu, ta san mahaifinta ya ce idan ba ta ci ba aure za a yi mata, kuma ba ta taɓa ɗaga mata bulala don ta faɗi gwaji ba. Da wanda ya zane ta jiya ne ya zo yau ya ce ta saki numfashi, da sai abin ya ƙaru.

Wannan ya kawo mu ga iyakar da nake ganin tilas a shata ta da jan layi, musamman a ƙasa irin tamu da haƙuri ya zama abin da ake miƙa wa wanda aka zalunta don a huta da kukansa. Abin da hanyar Hayes ke nufi a karɓa shi ne abin da ke cikin ƙirji, wato bugun zuciya da ɗarsuwar tsoro, waɗanda mutum ba shi da iko a kan zuwansu. Ba ta taɓa nufin a karɓi abin da ke haddasa su ba idan yana cikin abin da hannun mutane zai iya gyarawa. Yaron Ƙanƙara da ya ga an kwashe ɗaruruwan abokansa cikin dare a watan Disamba na 2020, da yarinyar Jangebe ta watan Fabrairu na 2021, da 'yan Kuriga na watan Maris na 2024, tsoron da suke ji idan babur ya wuce bayan katanga hankali ne mai aiki daidai, kuma maganinsa na farko tsaro ne, sa'an nan kulawar ƙwararru ga waɗanda abin ya zauna musu a rai. Haka nan ɗaliban da a watan Mayu na 2025 suka rubuta jarrabawar Turanci ta WAEC cikin dare da hasken tocila a wurare da dama saboda jinkirin kawo takardu, da kusan yara 380,000 da hukumar JAMB ta amsa cewa kuskuren na'ura ya ɓata sakamakonsu a shekarar, har shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya zub da hawaye yana neman afuwa, waɗannan ba ƙarancin natsuwa ne ya same su ba. Babban abin da nake tsoro shi ne hukumomi su ga wannan hanya ta fi araha a kan gina katanga da ɗaukar malamai da ciyar da yara, su shirya taron bita na kwana biyu, su ce sun magance damuwar ɗalibai. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ya koya mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, shi kuma ya ɗora wa kowane makiyayi alhakin abin kiwonsa.

Cikin abubuwan da ke haifar da fargaba a makarantunmu akwai da yawa waɗanda shugaban makaranta zai iya kawar da su a zangon karatu mai zuwa ba tare da kwabo ya fita daga asusu ba. Akwai dukan yaro don ya faɗi gwaji, wanda ke koya masa cewa takardar tambaya da dorina tare suke zuwa. Akwai al'adar karanta sakamako a filin taro daga na ɗaya har na ƙarshe, a bar ɗalibai su yi wa na ƙarshen ihu. Akwai korar yaro daga ɗakin jarrabawa a gaban tsaransa saboda bashin kuɗin makaranta da ke kan ubansa. Akwai kuma barin yara su kwana suna karatu da goro da kofi a makon jarrabawa, alhali rashin barci shi kansa yana rura fargaba yana kuma hana abin da aka karanta zama. Makarantar da ta ci gaba da waɗannan sa'an nan ta ware minti goma na lura da numfashi da safe ba ta yi wa yaranta adalci ba. Akwai ma wata 'yar dabara mai sauƙi da Sian Beilock da Gerardo Ramirez na Jami'ar Chicago suka gwada suka wallafa a 2011, inda suka ba ɗalibai minti goma kafin jarrabawa su rubuta duk abin da suke tsoro a takarda, sai masu yawan fargaba daga cikinsu suka sami maki mafi kyau. Gwajin ƙarami ne, ba a gina masa hasumiya ba, amma ba ya cin komai ban da fallen takarda.

Idan kuwa za a shigo da hanyar da gaske, to, bisa ga abin da binciken Birtaniya ya nuna, a fara da malamai, a kwalejojin ilmi da ke horar da su, domin su ne aka ga sun amfana, kuma malamin da albashinsa ya yi jinkiri, ya bar gida ba cefane, ya shiga ajin yara ɗari da zuciya a wuya, shi ne farkon mai buƙatar sanin yadda zai ji fushi ya taso ba tare da hannunsa ya kai ga bulala ba. Bayan haka a koma ga malaman shawara da jagoranci, waɗanda manufar ilmi ta ƙasa ta ambace su tun 1977, amma a makarantu da yawa an mai da su masu cike gurbin duk darasin da ba shi da malami. Su ya kamata a horar sosai, a ba su ɗaki mai ƙofa, su riƙa zama da 'yan ƙananan rukunai na yaran da suka nuna alamar damuwa kuma suka yarda su zo, da sanin iyayensu, da Hausa ko duk harshen da yaron ke kuka da shi. A kuma koya musu iyakarsu, domin yaron da ya daina cin abinci, ko yake suma a kai a kai, ko ya fara maganar gara ya mutu, ya wuce sha'anin numfashi, asibiti yake buƙata. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta buɗe ƙofar kula da irin waɗannan a kusa da jama'a, amma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane fiye da miliyan 200, kuma asibitocin da aka sani a Arewa, irin su na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da na Maiduguri da Dawanau a Kano, sun yi wa yawancin ƙauyuka nisa. Don haka ya zama dole ma'aikatun ilmi da na lafiya na kowace jiha su zauna su tsara wa kowace makarantar sakandare asibitin da za ta riƙa tura irin waɗannan yara, da sunan ma'aikacin da zai karɓe su, da wanda zai biya kuɗin mota idan uban yaron ba shi da shi.